Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi: yadda sunayen masu rubuta manhaja ke zubewa a hanyar ƙaura



A makon jiya wani ɗan uwa ya yi tambaya a nan, ya ce wurin aikinsu za su kwashe rumbun manhajarsu daga tsohuwar sabar Subversion su koma Git, shin akwai laifi idan ya kwafi fayilolin kawai ya buɗe sabon rumbu da su? Mutane da dama sun ce masa ba komai, ai kod ɗin dai shi ne kod ɗin. Ni ma da a shekarun baya ne haka zan ce masa, don na taɓa aikata hakan da hannuna, kuma zan ba ku labarin can ƙasa. Amma bari mu fara da waiwaye, domin wannan tambaya ta girmi yawancinmu da ke cikin wannan zaure, kuma manyan mutane sun sha wahala a kanta, har kotu an shiga.

Rumbun manhaja ba fayiloli kaɗai yake ajiyewa ba. Duk canjin da aka yi, wanda masu sana'ar ke kira kwamit, yana tafe da abu uku: wa ya yi, yaushe ya yi, kuma me ya sa. Tun 1972 Marc Rochkind ya rubuta SCCS a ɗakin bincike na Bell Labs don wannan aiki. A 1982 Walter Tichy ya fito da RCS a Jami'ar Purdue, sannan a 1986 Dick Grune ya saki CVS daga Amsterdam, wanda Brian Berliner ya sake rubutawa a 1989. Subversion ya biyo baya a shekarar 2000 daga kamfanin CollabNet. Duk waɗannan suna da hali guda: gurbi ɗaya tak suka tanada don suna, kuma abin da ke shiga gurbin shi ne laƙabin da mutum ke shiga sabar da shi. Ba cikakken suna, ba adireshin imel. Wani ɗan guntun abu ne kamar "jsm" ko "tom".

A ofishin da mutum goma ke zaune ɗaki ɗaya wannan ba matsala ba ce, kowa ya san waye "tom". Matsalar ta taso ne da manhajojin da kowa ke iya ba da gudummawa suka yaɗu ta intanet. A irin waɗannan ayyuka mutane ƙalilan ne ke da mabuɗin rumbu. Kai da kake waje, idan ka gano kuskure ka gyara, sai ka aiko da faci ta imel, wani mai mabuɗi ya duba ya shigar. Sunan wa zai hau? Na mai mabuɗin. Kai da ka kwana uku kana farautar kuskuren, sai dai idan mutumin kirki ne ya rubuta a bayanin kwamit ɗin cewa facin wane ne. Wasu ayyukan sun mayar da wannan al'ada: a FreeBSD akwai layi na musamman da ake rubuta wanda ya aiko, a Python ana ƙara sunanka a wani fayil mai suna ACKS, a ayyukan GNU kuma akwai fayil ɗin ChangeLog da za mu dawo kansa. Amma duk wannan rubutu ne na ɗan Adam, na'ura ba ta san da zamansa ba. A idonta mai shigarwa shi ne marubuci.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, malamanmu masu kwafar littattafai da hannu sun warware wannan tun da daɗewa. Idan ka duba ƙarshen tsohon rubutun hannu, sau da yawa za ka tarar mai kwafin ya rubuta sunansa, wani lokaci har da sunan wanda aka kwafa dominsa, ya roƙi addu'a, amma bai taɓa cewa shi ne mawallafi ba. Mawallafi daban, mai kwafi daban. Masu manhaja sai da suka shafe fiye da shekara talatin kafin kayan aikinsu su koyi wannan bambanci.

Kafin su koya ɗin kuwa an sha rigima. A 1992 kamfanin USL, reshen AT&T da ke riƙe da Unix, ya kai ƙarar kamfanin BSDi, daga baya ya haɗa da Jami'ar Kalifoniya, yana cewa tsarin BSD na Berkeley ya ƙunshi kod ɗinsa. Sai jami'ar ta juya ta shigar da tata ƙarar a 1993, ta ce ai ku ma kun kwashi kod ɗin Berkeley kun zuba a System V ba tare da kun ambaci masu shi ba, alhali sharaɗin lasisin kenan. Ku lura, ba kuɗi jami'ar ta ce an ci mata ba, suna ta ce an goge. Da aka sasanta a farkon 1994, cikin fayiloli kusan 18,000 uku kacal aka cire, aka ƙara tambarin haƙƙin USL a kan kusan 70, shi kuma USL ya amince zai mayar da ambaton Berkeley inda ya dace. Shekara biyu aka yi ana wannan shari'a, kuma a cikin shekarun nan biyu ne mutane da yawa da ke tsoron taɓa BSD suka karkata zuwa wani sabon abu da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991.

Linux ya shafe shekara goma sha ɗaya babu wani rumbu na hukuma. Faci ne ke zuwa ta imel, Linus Torvalds ya haɗa, ya saki sabon zubi. Sunayen mutane suna cikin fayil ɗin CREDITS da kuma saman fayilolin da suka rubuta. A 2002 aka koma BitKeeper, manhajar kamfanin Larry McVoy. Sai a watan Maris na 2003 kamfanin SCO ya maka IBM a kotu yana neman dala biliyan ɗaya, yana iƙirarin an saci kod ɗin Unix an zuba a Linux. Ƙarar ba ta kai SCO ko'ina ba, amma ta tona wani rauni: idan aka nuna layi aka ce daga ina ya zo, ba koyaushe ake da amsa a rubuce ba. Don haka a watan Mayu na 2004 Torvalds ya kawo tsarin Signed-off-by, wato duk wanda faci ya bi ta hannunsa, daga marubuci har wanda ya shigar, sai ya rattaba sunansa da imel ɗinsa a ƙasa, yana shaida cewa yana da ikon ba da shi. Ɗaliban hadisi za su gane abin nan take, sarƙa ce irin ta isnadi, wane daga wane daga wane.

A watan Afrilu na 2005 dangantaka ta lalace tsakanin McVoy da masu Linux, bayan Andrew Tridgell ya rubuta wata manhaja mai iya zance da sabar BitKeeper ba da izinin kamfanin ba. Aka janye damar amfani da shi kyauta. Cikin 'yan kwanaki Torvalds ya rubuta Git. Kuma da yake shi mutum ne da aikinsa kullum shigar da facin wasu ne, tun kwanakin farko ya ba kowane kwamit gurbi biyu: na marubuci, da na mai shigarwa, kowanne da cikakken suna da imel da lokacinsa. A ganina wannan ƙaramin abu yana cikin mafi girman alherin da Git ya yi wa talakawan masu ba da gudummawa.

To amma ga abin dariya. Mutumin da ya gyara wannan matsala shi ne kuma ya yi irin abin da ɗan uwanmu ke tambaya. Ranar 16 ga Afrilu 2005 Torvalds ya zuba Linux 2.6.12-rc2 cikin Git a kwamit guda ɗaya: fayil sama da 17,000, layi kusan miliyan 6.7. Ya bayyana a sarari cewa tarihin yana nan amma ba zai shigo da shi ba, domin zai ci kusan gigabait 3.2, kuma Git na lokacin jariri ne. Hujjarsa tana da ƙarfi. Sai dai sakamakonta yana nan har yau: idan ka buɗe tsohon fayil na tsarin ext2 ka tambayi git blame wa ya rubuta wannan layi, sai ya ce maka Linus Torvalds, 2005. Alhali a saman fayil ɗin ga sunan Rémy Card nan da shekarun 1992 zuwa 1995. Haka aikin Alan Cox da na ɗaruruwan mutane na shekarun casa'in, duk ya taru a ƙarƙashin suna ɗaya da rana ɗaya. Abin da ya ceci lamarin shi ne ba a jefar da tsohon tarihin ba. Thomas Gleixner ya juya tarihin zamanin BitKeeper zuwa wani rumbun Git na daban, kuma mai bukata yana iya ɗinke shi da na yanzu a kwamfutarsa. Wannan shi ne bambancin abin da Torvalds ya yi da abin da yawancinmu ke yi: ya faɗa, ya ba da dalili, kuma asalin bai ɓace ba.

Daga nan aka shiga zamanin ƙaura. Kusan kowane babban aiki sai da ya tattara ya koma, kuma kowanne sai da ya amsa tambaya guda: wannan laƙabin na waye? Hanyar da aka saba ita ce a rubuta wani fayil na taswirar sunaye, kowane layi ya ce laƙabi kaza shi ne wane ɗan wane, ga imel ɗinsa. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace, rumbun da ya shekara ashirin yana da laƙubban mutanen da suka bar aikin tun tuni, da waɗanda suka rasu, da mutum ɗaya mai laƙabi uku, da kwamit ɗin da ba su da suna sam, waɗanda na'urar juyawa ta ƙirƙiro da kanta lokacin wata ƙaura ta baya.

PostgreSQL sun bar CVS a watan Satumba na 2010, kuma suka zaɓi su ci gaba da tsohuwar al'adarsu: gurbin marubuci na mai shigarwa ne, ainihin marubucin kuma a ambace shi cikin bayanin kwamit. Hujjarsu ita ce faci kan canza sosai a hannun mai shigarwa, kuma shi ke ɗaukar alhakin abin da ya shigar. Ina girmama hujjar, amma ban gamsu da ita ba, domin duk wata na'ura mai ƙirga gudummawa za ta nuna kamar mutane 'yan ƙalilan ne suka gina PostgreSQL. Su ma da alama sun ji nauyin abin, don daga zubi na 10 a 2017 suka fara jera sunayen masu gudummawa a takardar sanarwar kowane babban zubi. Python kuwa sau uku suka yi ƙaura: zuwa Subversion a 2005, zuwa Mercurial a 2011, zuwa GitHub a watan Fabrairu na 2017. Emacs ya bi ta Bazaar kafin ya isa Git a 2014.

Amma labarin da na fi so shi ne na GCC, manhajar nan da ke juya kod ɗin C da 'yan uwansa zuwa harshen na'ura, wadda Richard Stallman ya fara saki a 1987. Tarihinta ya ratso ta RCS, ya ratso ta CVS, ya shiga Subversion a 2005, kuma a lokacin da za a koma Git ya haura kwamit 280,000. Eric Raymond, wanda ya yi wa Emacs ƙaura, ya ɗauki aikin da wata manhaja tasa mai suna reposurgeon. Aikin ya ja shekaru. A 2018 Raymond ya sanar cewa kwamfutarsa mai ƙwaƙwalwar gigabait 64 ta gaza ɗaukar kayan, daga ƙarshe sai da aka sake rubuta reposurgeon ɗin gaba ɗaya daga harshen Python zuwa Go. Mutane suka gaji da jira. Maxim Kuvyrkov ya fito da tasa hanyar wadda ta dogara da git-svn, aka yi ta muhawara a kan wacce za a ɗauka, ana gwada sakamakon biyun: rassa, alamomin zubi, haɗe-haɗen rassa, da sunayen marubuta. A ƙarshe aka ɗauki ta reposurgeon, inda Joseph Myers da Richard Earnshaw suka yi aiki mai yawa a kanta, aka kammala ƙaurar a watan Janairu na 2020.

Abin da ya sa GCC ya bambanta shi ne fayilolin ChangeLog. Ƙa'idar GNU ce duk canjin da aka yi a rubuta shi a wannan fayil, da layin farko mai ɗauke da kwanan wata, da sunan wanda ya rubuta canjin, da imel ɗinsa. Shekara talatin mutane suna wannan rubutu, wasu suna gunaguni cewa ɓata lokaci ne. Ranar ƙaura sai ga shi ya zama taska. Aka koya wa manhajar juyawar ta duba kowane kwamit, ta ga wane sabon layi ya shiga ChangeLog tare da shi, ta ɗauko sunan da ke wurin ta sa a gurbin marubuci, ta bar mai mabuɗin a gurbin mai shigarwa. Da haka mutanen da ba su taɓa riƙe mabuɗin GCC ba, waɗanda suka aiko faci ɗaya ko biyu a 1998 suka kama gabansu, sunansu ya koma kan aikinsu bayan shekara ashirin, ba tare da yawancinsu sun ma sani ba.

Kuma ba aiki ne mai tsabta ba. Rubutun hannu ne, don haka akwai kurakuran bugu a adireshi da a kwanan wata. Akwai kwamit ɗin haɗa rassa, wanda ke shigo da tarin layukan ChangeLog na mutane daban-daban a lokaci guda, ka ga ba za a ce na farkon cikinsu shi ne marubuci ba. Akwai kuma sunayen da ke da haruffan da ba na Ingilishi ba, waɗanda aka rubuta da tsofaffin tsare-tsaren haruffa kafin UTF-8 ya zama gama-gari, idan ba a kula ba sai su fito a dagule. Wannan ta ƙarshen ta shafe mu kai tsaye, mu masu ƙ da ɗ da ɓ a sunayenmu da na garuruwanmu. Wanda ya taɓa ganin sunansa ya koma alamar tambaya a takardar banki ya san zafin abin. Har lokacin agogo sai da aka kula da shi: Subversion yana ajiye lokaci ne da agogon duniya guda, Git kuwa yana ajiye har da bambancin agogon yankin mutum, shi ya sa taswirar sunaye ta reposurgeon take da gurbin yankin lokaci ga kowane mutum.

Wani zai ce, duk wannan wahala don a faranta wa mutane rai ne kawai? Ko da don haka ne ai ya isa. Amma akwai abin da ya fi haka. A yawancin manhajojin da ake bayarwa kyauta, kowane marubuci shi ke da haƙƙin mallakar abin da ya rubuta. Ranar da aka so canza lasisi, sai an nemi yardar kowa. VLC ɗin nan mai hular lemu da kusan kowannenmu ke kallon fim da shi a waya da kwamfuta, a 2011 suka so mayar da zuciyar manhajar daga lasisin GPL zuwa LGPL. Jean-Baptiste Kempf ya bi tarihin rumbun yana tantance wa ya rubuta me, ya yi ta farautar mutane fiye da ɗari, da yawansu adireshin da suka bari ya daɗe da mutuwa. Abin da ba a sami yardar mai shi ba, ko dai a sake rubuta shi ko a bar shi a tsohon lasisi. Mozilla sun fara irin wannan aiki a 2001, ba su gama ba sai 2006. LLVM sun fara aiki da sabon lasisinsu a watan Janairu na 2019, kuma shekaru bayan haka suna ta cigiyar ragowar mutanen da ba a samu ba, ciki har da waɗanda sunansu bai fito ko'ina ba sai a cikin bayanin kwamit na zamanin Subversion. Yanzu ku ɗauka a ce ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya yi ƙaura irin ta kwafi-ka-liƙa ya goge tsohuwar sabar. Wa za a tambaya? Ba ka ma san wanda kake nema ba balle ka neme shi.

Akwai kuma masu yin aikin don tarihi zalla. Diomidis Spinellis, malami a wata jami'a a Atina ta ƙasar Girka, ya tattara tsofaffin zubin Unix tun daga farkon shekarun 1970, lokacin da babu rumbu sam, ya gina musu rumbun Git guda. A rahotonsa na 2015 rumbun yana da kwamit 659,000, kuma ya tantance mutum 850. Na farkon-farkon sai da ya bi takardun bincike da littattafan jagora da tambayar waɗanda suka ga zamanin, kafin ya iya cewa wannan fayil na Ken Thompson ne, wancan na Dennis Ritchie. Sai ka tambayi git blame a kan wani tsohon layi ya nuna maka suna da shekarar da babu Git, babu ma Linux.

To ga nawa labarin. Wasu shekaru da suka wuce ina aiki da wani ƙaramin kamfani, muna da manhajar lissafin kuɗin makaranta a kan Subversion. Aka ce in mayar da ita Git kafin Litinin. Na kwafi babban fayil ɗin, na buɗe sabon rumbu, na shigar da komai a kwamit ɗaya da sunana, na tafi gida ina jin na yi ƙoƙari. Bayan wata biyu aka goge tsohuwar sabar don a daina biyan kuɗinta. Kusan rabin manhajar nan wata baiwar Allah ce ta rubuta, wadda ta bar kamfanin kafin ni in zo. Bayan kamar shekara ɗaya ta kira ni, ta ce tana neman wani aiki, an ce ta kawo shaidar abin da ta taɓa ginawa, ko zan taimaka mata da hoton tarihin rumbun inda sunanta ya fito, ba kod ɗin ba, tarihin kawai. Na buɗe na duba. Sunana ne daga sama har ƙasa. Na rubuta mata takardar shaida, shugaban wurin ya sa hannu, amma ni na san takarda ba ta kai abin da na goge ba. Har yau idan na tuna yadda ta ce "ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri" sai in ji kunya ta rufe ni. Kuma mu ma mun ɗanɗana kuɗarmu, don akwai wani sharaɗi a lissafin rangwamen 'yan gida ɗaya da babu wanda ya san dalilin sa shi, bayanin yana cikin tarihin da na zubar. Muka cire shi, ƙarshen zango iyaye suka cika ofishin wata makaranta da ƙorafi, muka mayar da shi da gudu.

Don haka ɗan uwa mai tambaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka taɓa komai, ka fitar da jerin duk laƙubban da ke cikin svn log, ka zauna da wanda ya fi kowa daɗewa a wurin ku tantance kowanne. Ka rubuta fayil ɗin taswira ka ba git svn ta hanyar --authors-file. Idan ka ba shi fayil ɗin kuma ya ci karo da laƙabin da babu a ciki, zai tsaya cak, kuma wannan tsayawar alheri ce, kar ka yi mata dabara. Idan ba ka ba shi ba kuwa, zai ƙirƙiro wa kowa adireshin bogi, laƙabi haɗe da wata doguwar lambar rumbu, wanda babu shafin da zai iya danganta shi da mutum. Kuma kar ka yi cinta-cinta da imel. GitHub da GitLab da adireshi suke gane mutum, idan ka ƙaga adireshi ya dace da na wani bare, ka ba shi ladan aikin da bai san an yi ba.

Dalilin da ya sa nake cewa a yi tun farko shi ne, a Git sunan marubuci yana cikin abubuwan da ake lissafa lambar shaidar kwamit da su. Ka canza harafi ɗaya a sunan wani a kwamit na shekara biyar baya, lambarsa ta canza, ta duk waɗanda suka biyo bayansa ma ta canza, kowa da ke da kwafin rumbun ya shiga ruɗani. Idan an riga an yi ƙaurar kuma kuskuren na suna ne ko adireshi, akwai fayil ɗin .mailmap, wanda ke gyara yadda ake nuna suna a git log da git shortlog ba tare da an taɓa tarihin ba. Shi ne kuma maganin mutum ɗaya mai adireshi huɗu, da wadda ta canza suna. Idan mutum biyu suka yi aiki tare, tun 2018 GitHub ke gane layin Co-authored-by a ƙasan bayanin kwamit. Idan kuma bayan ƙaura za ku bi duk fayiloli da na'urar gyara tsarin rubutu, ku yi shi a kwamit na daban, ku sa lambarsa a fayil ɗin da git blame zai riƙa tsallakewa, abin da Git ya iya tun zubi na 2.23 a 2019. In ba haka ba wanda ya danna maɓallin gyara sarari shi zai zama marubucin komai.

Abu ɗaya da na ga ana mantawa: a tambayi mutanen. Rumbun da ke ɓoye a sabar ofis idan zai fito fili, ba kowa ke son adireshinsa na gida ya bayyana ga duniya ba, wata ma ba ta son cikakken sunanta ya fito. GitHub yana ba kowa adireshi na musamman da ke ɓoye na ainihi amma yana danganta aikin da shi. Saƙo ɗaya ne za ka tura: da wane suna da wane adireshi kake so a rubuta ka? Wanda ba a same shi ba, a sa sunansa kamar yadda aka san shi, da adireshin da kowa zai gane ba na gaske ba ne.

Sannan tsohon rumbun, ka ɗauki cikakken kwafinsa da svnadmin dump ka adana a wuri biyu kafin kowa ya yi maganar goge saba. Google Code ya rufe a 2016, Bitbucket ya daina karɓar rumbunan Mercurial a 2020, kuma da yawa daga abin da ya tsira ya tsira ne don cibiyar Software Heritage ta ƙasar Faransa da abokan aikinta sun kwashe kafin a kashe wuta. Su manhajojin da ke fili suke kwashewa. Sabar ofishinku ba ta cikin lissafinsu.

Wanda ya taɓa yin ƙaura daga Mercurial ko daga TFS, don Allah ya faɗa mana a ƙasa yadda ya yi da sunayen, ni Subversion da CVS kaɗai na taɓa da hannuna.